LAYA MAI SABON SUNA

Akwai wata tambaya da ta yi yawa a bakin masu bi a ƙasarmu ta Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ana yinta a taron Zumuntar Mata, ana yinta a gindin bishiya bayan an tashi daga sujada, samari kuma suna yinta sa'ad da suka dawo hutu daga makaranta. Tambayar ita ce: idan an yi abu cikin sunan Yesu, aka kuwa ga ya yi aiki, don me fasto zai hana?

Kowa ya san abin da ake nufi. 'Yar kwalbar man zaitun ce wadda wani "annabi" ya yi wa addu'a a Legas ko a Abuja, ko ruwa a gora, ko hankici, ko abin ɗaurawa a hannu, ko takarda mai hoton "mutumin Allah" wadda ake liƙawa a ƙofa ko a jikin babur. Waɗansu kuma ba kaya su ke saye ba, kuɗi su ke aikawa ta waya, wai sun shuka iri domin su girbe haihuwa ko aiki ko lafiya. Masu yin haka ba baƙi ba ne. 'Yan'uwanmu ne masu baftisma, waɗanda mu ke cin jibin Ubangiji tare da su. Saboda haka wajib ne mu amsa tambayar nan da natsuwa, da ƙauna kuma.

Abin da iyayenmu suka bari

Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne. Kakanninmu ba su musanta cewa akwai Allah ba. Sun san shi ne ya yi sama da ƙasa, amma a ganinsu yana da nisa, ba ya sa baki cikin zancen gona da ciwo da haihuwa. Waɗanda su ke kusa su ne iskoki: Inna, da Kure, da Sarkin Rafi, da Ɗan Galadima, da sauransu masu zama cikin kuka da tsamiya da duwatsu. Kowace iska da abin da ta ke so. Wata jan bunsuru, wata baƙar akuya, wata farar kaza. Idan ciwo ya shiga gida sai a tafi wurin boka ko ɗan bori, ya duba, ya faɗi wadda aka yi wa laifi da abin da za a yanka mata. A biya, a zub da jini a gindin jigo, a komo da laya ko guru ko kambu.

Mu lura da ginshiƙan wannan sujada, gama a kansu zancenmu duka ya rataya. Na ɗaya, akwai wani mutum na musamman wanda shi kaɗai ya san hanya. Na biyu, akwai farashi. Na uku, akwai wani abu da za a riƙe a hannu ko a ɗaura a jiki, wanda ƙarfin ya ke cikinsa. Na huɗu, akwai tsoro: idan ka kuskure ƙa'ida, ko laya ta ɓace, ka shiga uku. Watau ciniki ne. Mutum ya ba da nasa, iska kuwa tilas ta ba da nata.

'Yan mishan na SIM, waɗanda suka fara sauka a ƙasar nan a 1893, sun kafa tasha a Roni tare da makarantar yara maza tun zamanin Turawa. An buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ekklisiyoyin da suka fito daga aikin SIM kuma suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Labarin da iyayenmu suka ji a lokacin ya rushe ginshiƙan nan huɗu gaba ɗaya. Suka ji cewa Allah da kansa ya matso kusa cikin Yesu Almasihu, matsakanci ɗaya ne, an riga an biya farashi a kan gicciye, kowane mai bi kuma yana iya kiran Allah Uba ba tare da dillali ba. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda aka tsittsinke layu aka jefa cikin wuta. Waɗansu sun rasa gādon gona saboda wannan, waɗansu an hana su mata, waɗansu dangi sun daina cin tuwo da su. Ba da arha suka sami 'yancin da suka bar mana ba.

Abin da ya shigo yanzu

To, mu ɗauki kwalbar nan mu auna ta da ginshiƙan nan huɗu. Akwai mutum na musamman? Akwai, gama an ce addu'ar fastonka da ta dattawanka ba ta kai ba, sai ta wannan annabi. Akwai farashi? Akwai, ko da an canza masa suna an ce "iri" ko "hadaya". Akwai abin riƙewa? Ga shi nan a ƙarƙashin matashin kai. Akwai tsoro? Ku tambayi matar da manta ya ƙare ana tsakiyar damina, yaro kuwa ya fara zazzaɓi. Hausawa sun ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Har dubar boka ma ta komo. A wayoyinmu muna ganin masu wa'azi suna kiran mace daga cikin taro, suna gaya mata wai uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa, ko ƙanen mahaifinta ne ya binne mata asiri. Wanda ya saba kallon irin wannan yakan fara duban tsohuwar gidansu da wani ido. Zargin maita tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa, ya raba gidaje da yawa tun kafin bishara ta zo. Abin baƙin ciki ne a ce ya sake shigowa riƙe da Littafi Mai Tsarki.

Akwai kuma wani iri wanda ya fi kama masu ilimi, 'ya'yanmu da ke karatu a Kazaure da Dutse da Kano. Wannan ba ya zuwa da kwalba. Yana zuwa ta Facebook da TikTok da WhatsApp, da Turanci mai daɗin ji. Yana koyar da cewa tunanin mutum da furcinsa suna da ikon jawo masa abin da ya ke so, wai idan ka maimaita kalma kowace safiya ba tare da shakka ba, sararin duniya zai kawo maka kuɗi ko miji ko mota. Waɗansu suna duba taurarin watan haihuwarsu kafin su yanke shawara. Wannan koyarwa tana da tarihi. Ta tsiro a Amurka daga wurin mutane irin su Phineas Quimby, wanda ya mutu a 1866, mai cewa ciwo daga kuskuren tunani ya ke fitowa. Daga baya ta sami hanyar shiga bakin waɗansu masu wa'azi. Zancen shuka irin kuɗi kuwa, Oral Roberts na Amurka ne ya yaɗa shi ƙwarai, har ya buga littafi a kansa a 1970. A nan ba a ɗaura laya a damtse, harshen mutum ne ya zama layarsa. Amma manufar ɗaya ce: a sami wata dabara da za ta tilasta wa abin da ba a gani ya biya bukata.

Ashe, babu mai cikin Littafi?

Wani ɗan'uwa zai ce, ai Yaƙub sura 5 ta umurci a shafa wa marar lafiya mai. Ai Ayyukan Manzanni sura 19 ta ce an ɗauki ƙyallaye daga jikin Bulus an kai wa marasa lafiya, suka warke. Gaskiya ne, ba kuwa za mu tsallake waɗannan wurare ba. Amma mu karanta su da kyau. A cikin Yaƙub, marar lafiya ne ya ke kiran dattawan ekklisiyarsa, mutanen da suka san shi ya san su. Su ne su ke zuwa gidansa. Ba a ambaci kuɗi ba. An jingina warkarwa ga Ubangiji da addu'ar bangaskiya, an kuma haɗa ta da furta zunubai. Mai kuwa abu ne na yau da kullum a ƙasarsu, kamar yadda man gyaɗa ya ke a namu. Game da Bulus kuma, Luka ya nuna cewa al'ajiban nan ba na kullum ba ne, Allah ne kuwa ya yi su. Bulus bai buɗe rumfa ba. A cikin surar nan ɗaya ne 'ya'yan Siba bakwai suka ɗauki sunan Yesu kamar wata kalmar sihiri, mai aljanin ya faɗa musu ya yi musu rauni, suka gudu tsirara. Abin da ya biyo baya shi ne, masu bi na Afisus suka tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000.

Labarin da ya fi haskaka mana wannan al'amari shi ne na macijin tagulla. A Littafin Lissafi sura 21, Allah da kansa ya umurci Musa ya ƙera shi ya sa a kan sanda, wanda maciji ya sara kuwa, idan ya dube shi sai ya rayu. Babu laifi cikin abin nan ko kaɗan. Isra'ilawa suka adana shi ɗaruruwan shekaru. A hankali suka fara ƙona masa turare. Sa'ad da Hezekiya ya hau gadon sarauta, 2 Sarakuna sura 18 ta gaya mana ya farfashe shi, aka kuwa lasafta masa wannan cikin ayyukansa na kirki. Idan abin da Allah ya ba da ta hannun Musa ya iya zama gunki, ina ga kwalbar da aka aiko a mota daga kudu? Tagullar ba ta canza ba. Zukatan mutane ne suka sauka daga wurin mai warkarwa suka manne wa abin da hannu ya ke iya taɓawa. Ta haka sujadar ƙarya ta ke shiga ekklisiya, ba ta bukatar sabon allah. Sunan Yesu ma yana iya zama a bakinta, muddin mutum ya mai da shi kayan aiki.

Amma ai yana aiki

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kada mu raina ta. Mu tuna da abu uku.

Da fari, bori ma yana da masu shaida. Da bai taɓa yi wa kowa daidai ba, da kakanninmu ba su riƙe shi tsawon zamani ba. Masu sihirin Fir'auna sun kwaikwayi waɗansu alamun Musa. Kubawar Shari'a sura 13 ta yi gargaɗi cewa ko alamar annabi ta cika, idan yana jan mutane su bar Ubangiji, kada a bi shi. A Matta sura 7 Yesu ya nuna cewa a ranar ƙarshe zai ƙi waɗansu da suka yi annabci da al'ajibai cikin sunansa. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu, cututtuka da yawa suna warkewa don kansu, waɗansu kuma suna lafawa su sake tashi, kamar sikila da farfaɗiya. Wanda ya shafa mai ranar da ciwon ya kusa sauka, lalle zai yabi man.

Na uku, masu shaida kaɗai ake ba abin magana. Wadda ta sayar da akuyarta ta aika da kuɗin, ba ta kuwa sami haihuwa ba, ba a nuna ta a talabijin. An riga an gaya mata laifin nata ne, bangaskiyarta ce ta gaza. Ta rasa akuya, ta kuma koma gida da sabon nauyi a zuciya, tana tsammani Allah ya ƙi ta.

Wani lokaci abin da ake rasawa ya fi akuya. A watan Mayu na 2013, mutum 4 sun mutu cikin turmutsutsu a Accra ta ƙasar Ghana, wajen neman ruwan shafewa a reshen majami'ar T. B. Joshua. A watan Satumba na 2024 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a cewa ba ta yi rajistar ruwa da sabulun mu'ujiza da wata majami'a a jihar Delta ta ke sayarwa ba. A dajin Shakahola na ƙasar Kenya, tun daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, wanda aka gurfanar gaban shari'a bisa zargin ya sa su azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, da yara cikinsu. Babu wanda ya shiga dajin nan rana ɗaya. Sun fara ne da yarda cewa mutum ɗaya yana jin muryar Allah fiye da kowa, ba a kuwa yi masa tambaya.

Ma'auni a hannun kowane mai bi

Yohanna ya umurce mu mu gwada ruhohi. An yabi mutanen Biriya domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus da kansa ya faɗa haka ya ke. Wannan aiki na dukan ekklisiya ne, har da wanda bai wuce aji uku ba. Ga tambayoyi biyar da za su taimake mu.

1. Wa ke da iko a nan? Addu'ar gaskiya roƙo ce ta ɗa ga ubansa, uba kuwa yana iya cewa i, ko a'a, ko jira. A Jathsaimani Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Abokan Daniyel uku sun tabbata Allah yana da ikon cetonsu, suka kuma ce ko bai cece su ba, ba za su durƙusa wa gunki ba. Duk koyarwar da ba ta bar wa Allah wurin cewa a'a ba, sihiri ce.

2. Nawa ne? Siman na Samariya ya yi baftisma kamar kowa, amma da ya miƙa kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsauta masa da zafi. Elisha ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa kuwa, ya kuturce. Baiko godiya ce domin abin da aka riga aka ba mu, ba kuɗin saye ba ne.

3. Sunan wa ke girma? Idan hoton mai wa'azi ne a ƙofarka yana tsaron gidanka, ka tambayi kanka wa ka ke dogara gare shi da dare.

4. Wane 'ya'ya ya ke haifarwa? Idan bayan wa'azi mutum ya ƙi jinin zunubinsa, ya biya bashinsa, ya shirya da ɗan'uwansa, alama ce mai kyau. Idan ya koma gida yana zargin kakarsa, yana tsoron inuwarsa, ba Ruhun Almasihu ba ne ya yi aikin.

5. Yana jure haske? Abin da ba za ka iya nuna wa dattawan ekklisiyarka ba, wanda sai an ɓoye shi a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, zuciyarka ta riga ta yi masa shari'a. Mai koyarwa kuma wanda ba shi ƙarƙashin kowa, mai fushi idan an tambaye shi, a yi nesa da shi.

Kada mu wuce gona da iri

Rarrabewa ba ita ce zargin kowane abu ba. Ba mu ce Allah ya daina warkarwa ba. Yana yi, a cikinmu akwai waɗanda ya tashe su daga tabarmar ciwo bayan addu'a. Ba mu ce ganga da kalangu da guɗa a ɗakin sujada bori ne ba, gama Hausa ma harshen yabo ne. Ba mu ce kowace ɗarikar da ta bambanta da tamu ta ɓata ba. Magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Hezekiyan nan da ya farfashe macijin tagulla, da ya yi ciwo, Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka likita ne. Bulus ya bar Tarofimus da ciwo a Militus, bai kuwa zarge shi da ƙaramar bangaskiya ba. Waɗanda suka kawo mana bishara sun yi jiyyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da addu'a da magani tare. Idan yaro ya fara zazzaɓi da damina, a yi addu'a, a kuma ɗauke shi zuwa asibitin Kazaure ko na Babura ko ɗakin shan magani mafi kusa tun da wuri. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya aje maganinsa domin wani ya ce masa an warkar da shi, sai likita ya auna ya tabbatar.

Kada kuma mu yi wa masu kwalba dariya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Macen da ta shekara goma ba haihuwa, dangin miji suna habaici, ko saurayin da ya gama makaranta shekara biyar ba aiki, zafi ne ya kai su can. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, ƙauyukanmu kuwa suna nesa da juna, mai bi yakan ji kamar shi kaɗai ne. Murya a waya wadda ta kira sunan damuwarsa tana iya zama masa kamar ruwan sanyi.

Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai isa ba. Bari dattawa su yi abin da Yaƙub ya faɗa, su taka zuwa gidan marar lafiya, su yi masa addu'a kyauta, kada su jira sai an neme su sau biyu. Bari Zumuntar Mata ta rungumi wadda ba ta haihu ba, ta ba ta aiki da daraja. Bari a ware wani abu daga baikon kaka domin kuɗin mota da na magani. Bari iyaye su zauna da 'ya'yansu su kalli abin da ke cikin wayar tare, su auna shi da tambayoyin nan biyar, maimakon tsawa kawai. Inda ekklisiya ta riga ɗan kasuwa isa bakin ƙofa, da wuya ya sami ciniki.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan akwai irin wannan abu a ɗakinka, ba ma kiranka domin a kunyatar da kai. Ka kawo shi wurin fastonka ko wani dattijo, ku yi magana, ku yi addu'a, ka rabu da shi. Ba abin da zai same ka domin ka zubar da mai. Wanda ya tsare kakanka ranar da ya jefa layunsa cikin wuta, shi ne zai tsare ka, yana kuwa jin muryarka a gonarka ta Gwiwa kamar yadda ya ke jin ta kowane babban mai wa'azi a duniya.

Ubangiji ya ba mu idon ganewa da zuciya mai tausayi, ya riƙe ekklisiyarsa cikin gaskiya har ranar zuwansa. Amin.